Askata Ba Ta San Maganinku Ba

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da ya duba ƙanena Sahabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, sunana Iliyasu, wanzami a wani ƙauye na yankin Illela. Shekara talatin ina ƙaho, jinin kowa bai taɓa gagarata ba sai na ɗan uwana.

Sahabi direban motar siminti ne a Malbaza. Bara da kaka ƙafarsa ta hagu ta kumbura, kuka ce jini ne ya daskare a jijiya saboda yawan zama. Kuka ba shi ƙwayar tsinka jini, kwatan ƙwaya ɗaya kowace yamma, kumburi ya sauka. Wannan mun gode. Ga kukana.

Na ɗaya, takardar maganin da Faransanci take, Sahabi kuwa ko lakwal, wato makarantar boko, bai leƙa ba. Babu wanda ya gaya masa da Hausa cewa mai shan wannan ƙwaya ba a tsaga shi, kuma ba ya haɗa ta da maganin ciwon jiki da ake sayarwa a tebur. Shi ko kullum da irinsa a aljihu saboda ciwon baya.

Na biyu, an ce ya riƙa zuwa awon jini don a daidaita masa ƙwayar. Sau biyu ya ajiye mota ya zo, aka ce kayan awon sun ƙare. Da ya ce asuwakinsa na fitowa ja, sai aka ce zafi ne.

Na uku shi ne mai hana ni cin abinci. Ran wata Laraba da hantsi ya zo in yi masa ƙahon baya, kamar kowace shekara. Na kafa ƙaho huɗu, na tsaga. Na ɗebe ƙaho, jini bai tsaya ba. Na danna auduga, na ɗaure da rawanina, ya jiƙe sharkaf. A ɗan asibitin karkararmu babu allurar da ke karya ƙarfin maganin, babu jinin ƙari. Muna bisa hanyar zuwa wurinku ya cika, kansa a kan cinyata.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma ina da fushi, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba. Kuna zaune cikin mutanen da ke ƙaho, amma ko tambaya ba ku yi.

Roƙona: ku yi wa kowa bayani da harshensa. Ku ba mai shan ƙwayar nan wata alama da ko wanzami zai gane. Ku kira mu, ku koya mana. Kada kayan awo su yanke, allurar kuma ta isa karkara.

Na rataye zabirata. Ƴaƴansa uku yanzu a gidana suke, kowace safiya suna durƙusawa su gaida ni, ni kuwa in ɓoye hannuna.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raba hannunka da abin da ya sami nawa.

Wassalam,
Iliyasu Wanzami