Allin Maharazu a Kan Ƙarfe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ni ne Halliru maƙeri, na bayan tashar mota a nan Illela. Ina faɗin wannan magana hankalina yana jikina, na san jiya na san yau, na kuma san sunan duk wanda ke cikin ɗakin nan. Ƙafa ce ta ƙi, numfashi ya gajarta, amma kai lafiya lau yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne ke magana. Malam Muhammadu Lawal limamin unguwarmu shi ke rubutawa, abokina Maccido direba yana zaune shaida. Muna cikin shekara ta huɗu da samun mulkin kai.

Maganar taku ce ku ɗiyana: Lukmanu babba da ke nan gida, da Ma'aruf da ke zaune Ƙonni ƙetaren iyaka, da Ummul Khairi da ke aure Kalmalo. Na huɗunku Maharazu ya riga ni. Shi ya kamata ya zauna ya ji wannan takarda, ga shi ni ke ambatonsa a cikinta. Allah Ya jiƙansa.

Na ɗaya. Ba na bin kowa bashi, ba a bina. Gida da gonar Lafani da awaki, a raba su yadda Allah Ya ce, Malam ya fi ni sanin wannan, ba ni da ta cewa a ciki.

Na biyu. Uwarku Baraka. Kada a tashe ta daga ɗakinta. Tocilanta irin ta Faransa ce, batir mai faɗi take ci, wanda ba a samunsa a kasuwarmu sai an ƙetara. Tun da Ma'aruf ya daina zuwa, tocilan nan a mace take. Lukmanu ya sayo mata sabuwa ta Ingila mai batir dunƙulalle, ta yi godiya ta sa a ƙwarya ta rufe, ba ta taɓa kunna ta ba. Kun san uwarku, ba za ta ce komai ba har ta mutu. Ni na ce muku: ba haske take jira ba.

Na uku. Kayan hannu na maƙera. Malam ya faɗa mini ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada, don haka wanga roƙo ne. Uwar maƙera da zuga-zugi da masaba da awartaki su zauna inda suke, hannun Lukmanu. Sifanun nan kuwa da ke rataye, kala biyu ne ko da yake ido ba ya rabe su. Na awon Ingila a bar wa Lukmanu, don motocin Sakkwato yake gyara wa jiki. Na awon Faransa a ba Ma'aruf. Wanda ya sa sifanar Ingila ga notin Faransa zai ga kamar ta kama, sai ya ja da ƙarfi ta cinye kan notin, daga nan ba mai iya kwance shi. Ummul Khairi a ba ta zarto da magagari ta kai wa mijinta, ya daina aron na mutane yana gyaran jirginsa na kamun kifi, abin kunya.

Yanzu na zo ga abin da ya hana ni barci ya kuma hana ni abinci.

Kun san injinan nan biyu, amma jikokina ba su san asalinsu ba, to a rubuta. Lokacin da Faransawa za su bar Ƙonni, makanikensu da na daɗe ina yi wa aikin ƙarfe ya kira ni garejinsu ya ba ni su: injin huda ƙarfe da injin washi. Kowane ana riƙe shi a hannu, ba ya neman wutar lantarki, wadda dama ba mu da ita. Wayoyi biyu ne da shi masu baki kamar na kada, a maƙala su ga batirin mota, shi ke nan ya tashi. Ya haɗa mini da batir biyu, ya kama hannuna ya ɗora a kan murafensu ya sa na ƙidaya. Murfi uku. Ya ce ƙarfin wanga shida ne, na motocin Ingilishi murfi shida gare shi, ƙarfinsa sha biyu, kada na yarda injinan su ɗanɗana shi ko sau ɗaya. Hausarsa ba ta da kyau, amma wannan na ji ta sarai.

Ranar da na huda ƙarfen farko a ƙofar gidan nan, Illela ta taru. Abin da nake kwana ina yi da wuta da matsoni, sai ga shi ya huje kafin mutum ya gama gaisuwa. Tsofaffi sunka ce aikin aljannu ne, amma washegari su ne da garmunansu a layi.

Batir kuwa abu ne mai jin yunwa. In ya yi sanyi sai mu ba Maccido, ya sa shi a kamiyonsa, babbar motar kaya ta Faransa, ya je Ƙonni ya dawo, ya miƙo mana shi a ƙoshe. Ɗaya yana aiki ɗaya yana hanya. Ma'aikatan duwan, wato kwastan na kan iyaka, har sun san batirin, suna tambayar Maccido ina ɗan Halliru mai yawo. Injin a nan yake, abincinsa a can, haka munka zauna, ba mu taɓa jin iyakar nan ta tsaya mana a wuya ba.

Cikin ku duka Maharazu ne ya san halin batir. Ku yi haƙuri, gaskiya ce. Shi ke tara ruwan sama a kwalba don shayar da su, yana cewa ruwan rijiya kisa ne gare su. Shi ke goge musu kai da tsumma. Kuna yi masa dariya kuna ce masa mai kiwon baƙin akwati, yana ce muku ai gara nasa kiwon, ba ya shiga gonar kowa.

Makarar masallacinmu ta gwangwala gara ta cinye ta. Maharazu ya ce shi zai yi wa unguwa ta ƙarfe wadda za ta daɗe, sadaka. Ya samo bututun ƙarfe, ya yanke, ya jera a zaure, ya auna, ya ɗiga alli duk inda za a huda. Ya ce da ni, Baba, gobe in batir ya dawo sai huji. Kafin batir ya dawo sanƙarau ya kama shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A tsohuwar makarar anka ɗauke shi. Sai da anka ɗaure ta da igiya a wuri biyu. Ina biye da ita har maƙabarta ina jin kukanta a kafaɗun mutane, ku biyu kuna gaba kuna riƙe da ita. Wallahi har yau in iska ta motsa ƙyauren zaure, wannan kukan nake ji.

Abin da ya biyo baya kun san shi, amma kowannenku rabi ya sani, don haka ku saurara.

Bayan sadakar arba'in, Lukmanu ya kasa ganin ƙarfen nan a zaure. Ya ce yau sai ya gama aikin ƙanensa. Batir ɗaya ya yi sanyi, ɗayan yana hanya tare da Maccido. Ya tafi tasha ya aro na wata motar Sakkwato. Baƙin akwati ne shi ma, da kai biyu kamar namu. Bai ƙidaya murfi ba, mai hawaye a ido ina zai ga murfi? Ya maƙala injin washi don ya share bakin bututu. Injin ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ya yi gudu kamar zai tashi sama, sai hayaƙi, sai wari, sai shiru. Kama da wane ba ta wane.

Ma'aruf ya shigo daga Ƙonni daidai lokacin, ranar kasuwa ce, zaure cike da mutane. Ya ce wa yayansa, ka ƙone abin da hannun Maharazu ya riƙa. Lukmanu ya ce, mi ya kai baƙo cikin maganar gida, koma wa surukanka can ƙasar Faransa. Magana zarar bunu. Ma'aruf ya ɗora batirin da ke nan a kan jaki, ya tare Maccido a hanya ya karɓe ɗayan, ya ƙetara. Damina biyu ke nan bai taka gidan nan ba.

Lukmanu, kai kana cewa ƙanenka ya kwashe batir don ya kashe maka sana'a. Ba haka ba ne. Maccido ga shi zaune, shi ya faɗa mini: Ma'aruf ya ce tsoro yake ji kada a koma ga injin huda a ƙone shi, shi kaɗai ya rage da zai gama makarar. Da ya tsaya ya yi tunani da ya gane injin ya kamata ya ɗauka, ba batir ba, amma mai fushi ba ya lissafi, kuma wautar nan a gidanmu ya gaje ta.

Ma'aruf, kai kana cewa yayanka ganganci ya yi. Ba ka ga abin da na gani ba. Injin da ya ƙone yana nan ƙarƙashin gadonsa a naɗe cikin rigar Maharazu. Ya kai shi Sakkwato, ya kai shi Gusau, an ce masa wayar cikinsa ta narke, ba gyara. Bai faɗa wa kowa ba, matarsa ce ta faɗa wa uwarku.

Ashe ku biyun abu guda kuke yi wa kuka, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana yi shi kaɗai. Wannan shi ya karya ni, ba ciwon ƙirji ba. Na binne ɗa ɗaya na ce Allah Ya karɓi abinsa. Maza biyun da sunka rage kuwa suna raye, tsakaninsu tafiyar da jaki ke yi kafin hantsi, amma na rasa su.

Na huɗu. Injin huda da batiransa biyu na fitar da su daga gado. Suna cikin sulusina, na yi hubusinsu, wato waƙafi, ga masallacin unguwa. Ba na Lukmanu ba ne, ba na Ma'aruf ba ne, ba a sayarwa, ba a rabawa. Lukmanu ne mai ajiyar injin, Ma'aruf ne mai ciyar da batir, tunda motocin da ke cika shi a wajensa suke. Duk talakan da garmarsa ko ƙyaurensa ke son huji a yi masa, ladan ya tafi ga Maharazu. Kada a maƙala injin nan ga wani batir sai mutum biyu sun ƙidaya murfinsa da baki, a fili: ɗaya, biyu, uku. In an ga na huɗu a janye hannu.

Kuma Ma'aruf, ka ji wannan da kyau, don na san ba ka sani ba. Batir ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a ce ana ajiya. In ya daɗe ba ya aiki ba a cika shi, mutuwa yake yi daga ciki, akwatin yana nan ƙalau kamar lafiya. Maccido ya ce ɗaya ya riga ya mutu a ɗakinka, ɗayan da sauran rai kaɗan. Irinsu kuma sun fara wuya, sababbin motocin da ke zuwa can ma ba irinsa suke ɗauka ba. In wanga ya bi ɗan'uwansa, injin ya zama ƙarfen banza. Ka miƙa wa Maccido shi gobe, kada ka ce jibi.

Na biyar, kuma shi ne na ƙarshe. Ƙarfen makarar yana nan a zaure inda Maharazu ya jera shi. Na rufe shi da tabarma, na hana a share wurin, na hana yara wasa a can. Allin yana nan. Kafin ƙafata ta ƙi, kullum da safe nakan ɗaga tabarmar in duba, ya ɗan dushe amma ana gani. Wani zai ce a huda da wuta da matsoni irin na da. Bututu ne, zai lotse, kuma wuta za ta cinye allin. Ban yarda ba. Inda yaron nan ya ɗiga, nan za a huda, da injin da ya yi niyya.

Ina son a ɗauke ni a kan makarar nan.

Ku lura, ban ce a jinkirta jana'izata don ƙarfe ba. Haramun ne, Malam yana ji. In Allah Ya karɓi raina ba ku gama ba, ku ƙara wa tsohuwar igiya ku kai ni, ba zan ji kukanta ba. Ku ne za ku ji, kuna gaba kuna riƙe, karo na biyu. Shi ya sa na ce da Malam kada ya ajiye takardar nan sai bayan raina kamar yadda aka saba. A karanta wa Lukmanu yau. Maccido ya ƙetara da ita a karanta wa Ma'aruf.

Ba na neman wani ya durƙusa wa wani. Na san ku, taurin kanku nawa ne. Kada ma ku gaisa in gaisuwar ta yi muku nauyi. Ɗaya ya riƙe bututu, ɗaya ya riƙe injin, aikin ba ya yiwuwa da hannu biyu kawai. Ummul Khairi, ke ce mai bakin da dukansu ke jin nauyi, ki zo ki zauna a zauren har su gama. Ma'aruf, in za ka taho ka biya kasuwa ka riƙo wa uwarka batirin tocilanta.

Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ɗiyan da za su ji ƙanku, Ya tsare ku da ganin abin da na gani. Ku riƙe salla, ku riƙe uwarku, ku riƙe juna. Bature ne ya ja iyakar nan kuma ya tafi abinsa, kada ku mayar da ita tsakar gidana.

Na sa an jawo gadona kusa da taga ta wajen zaure. Kunnena bai mutu ba, na san ƙarar injin nan ko cikin barci. Ina nan ina saurare, amma ku hanzarta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.