Ambulan Bakwai da Ka Mayar Rasha

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ka hore mu a kai, ina roƙon Allah Ya sa wannan Juma'a ta same ka cikin rahama. Ni ce Hadiza, daga Dubai nake rubuto maka. Na san 'yan'uwa a Zariya za su karanta, wasu su ce na tona asirin mamaci. Su yi haƙuri. Na cika maka alƙawari, Baba, na nemo Mariya, na gan ta da idona. Kuma ina tsoron na rasa ta a cikin mako guda, saboda wani abu da ka yi da hannunka tun ba a haife ni ba.

Kana kwance a asibiti, saura kwana biyu ka cika, ka kama hannuna ka ce, "Ina da 'ya a Rasha, sunanta Mariya. Gwamnatoci ne suka raba mu. Ki nemo ta." Iyakar abin da ka faɗa ke nan, ka juya fuskarka bango. A ranar na gane abin da ya daɗe yana ɗaure wa dangi kai. Kowa ya san ni ce 'yar fari, amma kai gatsal kake kiran sunana a gaban kowa, har ka ɗora ni a wuya. Kaka takan ce boko ya cinye maka kunya. Ashe kunyarka tana nan, ba ni ce mai ita ba.

Labarin tafiyarka kuwa mun sha shi muna yara. Lokacin an fara ba ƙasashenmu 'yanci, Amurka da Rasha kowa na ƙirga wa ya bi shi kamar makiyayi da garkensa. Rasha ta ba ka gurbin karatun likitan dabbobi, ka bi ta Masar a ɓoye don kada a ƙwace maka fasfo. Ka ba mu labarin sanyi, da layin burodi, da makon da aka yi cirko-cirko a kan Kyuba, kuna zaune a ɗakin ɗalibai kun kewaye rediyo, kowa sanye da takalminsa don ba a san lokacin da za a ce a ruga ƙarƙashin ƙasa ba. Kakan ce, "Mu dai ba mu san abin da ya haɗa su ba, amma a kanmu za a fasa." Duk wannan ka faɗa. Matar da ka aura a can, da jaririyar da ka bari, ba su taɓa fitowa a labarin ba.

Shekara uku na yi ina nema. A kantin magungunan da nake aiki a unguwar Deira, 'yan Rasha ba sa yankewa, suna layi ɗaya da Amurkawa kowa na neman maganin tari, ko kallon juna ba sa yi. Wata abokiyar aikina daga can ce ta taya ni rubuce-rubuce har muka dace. Mariya tana raye, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, tana ɗan jin Turanci. Zuwanta Najeriya da wuya, zuwana can ma haka, ga faɗan manya ya sake tashi. Dubai ce kawai ta yarda da mu duka biyun.

Baba, wushiryarka ce a bakinta. Da ta yi murmushi a filin jirgi sai na ruga na rungume ta. A gida na zuba mata shayi, ta ɗauki ƙwayar sukari ta sa a baki tana kurɓa a kai, irin yadda kake yi muna maka dariya. Na koya mata cewa a wurinmu ba a kiran babba da suna, Yaya zan riƙa ce mata. Ta yi ta maimaita kalmar tana taɓa ƙirjinta. Mun hau abra, ƙaramin jirgin fiton nan garin, mun tsallaka ruwa, mun ci tuwon shinkafa da miyar taushe, yaji ya sa ta hawaye amma ta ƙi ajiye cokali. Kwana uku na yi ina jin daɗin da ban taɓa ji ba tun rasuwarka.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, ta fito da wani ƙunshi daga jakarta. Ambulan bakwai ne ɗaure da zare, sun yi ja don tsufa, ko ɗaya ba a buɗe ba. Mahaifiyarta ce ta rubuto maka su bayan ka dawo gida, lokacin da hukumar can ta hana su fita, kai kuma ka ce za ka aiko a ɗauke su. Duk sun zo Najeriya sun koma. A kan kowace an ja layi biyu an soke adireshinka na ma'aikata, an rubuta da Turanci cewa ba a san mai wannan suna ba, a mayar.

Ta ce haka ta tashi, baƙar yarinya ita kaɗai a unguwarsu, yara na binta suna nunawa. In ta shigo tana kuka sai uwarta ta ɗauko ambulan ɗin ta ce mata, "Ubanki yana son ki. 'Yan sandan ciki na ƙasarsu ne suke tare wasiƙun." Ta ce uwarta ba ta sake aure ba, ta mutu tana tsine wa mai wannan hannun.

Na san hannun, Baba. Haruffa ne masu kwantawa baya kamar dawar da iska ta kaɗa, ga danna alƙalami har ya kusa huda takarda. Da shi ka sa hannu a sakamakon jarrabawata tun daga firamare. Layi biyun nan ma naka ne, haka kake soke duk abin da ka gama da shi a jerin ayyukanka. Mariya ta tambaye ni ko na san wane ofishi ne yake yin wannan. Na dube ta na ce ban sani ba.

Na san dalilinka, ko in ce na san abin da za ka faɗa. Ka dawo da takardar shaida aka ce ta 'yan gurguzu ce, aka ajiye ka ƙarƙashin waɗanda suka yi rabin karatunka a Ingila. Wasiƙun ma'aikata duk akwati ɗaya suke faɗawa, sai sun bi ta teburin shugaba kafin su iso ga mai su, kuma kan sarkin Rasha ba ya ɓuya. Kai da bakinka ka ba mu labarin abokin aikinka da aka sallama don ana aiko masa da mujallu daga can. Kai kaɗai ne mai albashi a gidan Kaka, baki sun fi ashirin. Duk na auna wannan, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Sau bakwai, Baba. Na farko a ce tsoro ne. Na bakwai fa? Kuma da zamani ya sauya, aka daina bin kowa, shekara nawa ka yi kana da biro da takarda?

Da na yi ƙaryar na ɗauka an wuce wurin. Sai ana jibi za ta tafi ta roƙe ni abu guda. Ba ta son zane, ba ta son turare. Wani abu take so da ka rubuta da hannunka, ko layi ɗaya ne, ta tafi da shi.

Maigidana ya ce, "Khalas, ya isa haka, Hadiza, ki ce takardun duk suna gida. Mutumin nan ya rasu, ki bar shi ya huta, ita ma ki bar ta da abin da ta sani." Gaskiyarsa ta wani fannin. In na hana ta, za ta koma da uban da yake son ta, kuma ina da Yaya. Amma shekara sittin kowa yana yanke wa matar nan abin da ya kamata ya isa hannunta: hukumarsu, hukumarmu, da kai. Na kasa zama ta huɗu.

Na ɗauko wasiƙar da ka aiko mini ina makarantar kwana, wadda ka ce in riƙe sallah in rage surutu. Da safe na kai mata masaukinta. Ta karɓa da hannu biyu, ta sumbace ta, ta sa tabarau. Ina kallo murmushin ya tsaya. Ta tashi ta ɗauko ambulan ɗaya ta ajiye kusa da wasiƙar. Ta daɗe tana duban su, ni kuma ina duban ƙasa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ashe sun isa hannunsa." Can kuma ta ce, "Gara da Mama ta mutu ba ta sani ba."

Na ce mata na yi mata ƙarya ranar nan, ta yafe mini. Ta ce ta gane, ita ma da haka za ta yi. Ta hana ni raka ta filin jirgi. Da na koma masaukin washegari ta riga ta tafi, ta bar mini ƙunshi a wurin masu karɓar baƙi. Ambulan bakwai ɗin ne, da wasiƙata a sama. Ba ta ɗauki komai naka ba.

Yau kwana tara. Na tura mata saƙo sau uku, ina ganin alamar ta karanta. Ban sani ba ko fushi take da ni, ko fuskata ce ba za ta iya gani ba saboda taka ce. Kullum na tashi aiki nakan duba waya kafin in cire farar riga.

Baba, ina son ka, wannan bai canza ba. Kai ne ka yi jinyata da ƙyanda ta kama ni, ka kwana uku ba ka cire kayan aiki ba. Shi ya sa abin yake ci mini rai, don na san irin uban da aka hana ta, kuma na san da hannun wa.

Allah Ya gafarta maka, Ya yafe maka tsoron da ka ji da wanda ka sa wasu suka ɗauka. Allah Ya sanyaya zuciyar Yaya Mariya, ko da ba za ta sake kirana ba. Allah Ya kare 'ya'yan talakawa daga faɗan da ba su san mafarinsa ba.

Wasiƙun suna cikin akwatina. Ban buɗe ba, don ba sunana ne a kai ba, kuma babu sauran wanda zan mayar wa.

'Yarka ta biyu,
Hadiza