Hotunan Inna da Na Sa Ka Ƙona

Zuwa ga Rene, wanda mutanen garinmu suke kira Jan Kunne,

Bayan gaisuwa, ko da yake ban san irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana raye ma da sai ka nemi tafinta, don lokacin da na san ka Hausarka ba ta wuce sannu da na gode ba. Tafintan kuwa ni ne, ka ga ba a rabu da Bukar ba.

Makon jiya amsar matarka ta iso Greensboro, garin da nake zaune yanzu. Ta ce ciwon huhu ne, kuma wasiƙata ta tarar an yi sati uku da binne ka. Wata huɗu waccan wasiƙar ta yi a aljihun rigar aikina kafin in kai ta gidan waya. Kullum sai in ce gobe.

Bari in ba ka labarinmu, tunda shekara goma sha biyar ba ka ji ɗuriyata ba. Ina aiki a wani sito a bakin titin Wendover, ina loda kwalaye a kamyo, manyan motocin kaya, tun safe har la'asar. Mai ɗaukar maka jakar kyamara ya samu ci gaba ke nan. Na yi aure, Hadiza tana kitso a falo. 'Yarmu ɗaya, sunan mahaifiyata na sa mata, muna kiranta Ummi. Shekararta bakwai, ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci. Garinmu kuwa babu shi. Rijiyar nan mai gaba arba'in, wadda ka yi kwana uku a bakinta kana jiran haske ya yi maka daidai, ta rufta, mutane suka watse, wasu Dakoro wasu Maraɗi. Inna ta rasu shekarar da fara ta cinye hatsi, a gidan ƙanwata. A waya na ji, katin ya ƙare ƙanwata tana cikin kuka. Ban je ba. Takarduna ba su cika ba, in na fita ƙasar nan ba ni da hanyar dawowa.

Ba zumunci ne ya sa na rubuto maka ba, gara in faɗa. Malamar su Ummi ce ta ce kowane yaro ya kawo hoton kakanninsa a liƙa a bangon aji. Hadiza tana da na iyayenta. Ummi ta juyo gare ni, na ce zan duba. A duniya kaf mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaukar hoton Inna, kuma kai ne.

Ka tuna zuwanka Yamai, kana neman wanda zai kai ka inda mota ba ta zuwa? Ka ce sana'arka ke nan, mutanen da taswira ta manta da su. Ni kuma na fito daga lakkal, makarantar boko, da Faransanci a baki da wando ɗaya, na ce na san wani gari, kwana biyu a raƙumi daga hanyar mota. Wata biyar ka yi a wurinmu. Ka sha fura har cikinka ya saba, rana ta gasa maka kunnuwa har ka samu suna. Kuma ba ka taɓa ɗaga kyamara a kan mutum ba sai an tambaye shi. Ta bakina ake tambayar.

Ran nan da hantsi Inna tana daka a bayan ɗaki, kanta ba ɗankwali, da tsohon zanenta, tana yi maka dariya saboda akuya ta kama littafinka tana tauna. Ka ce in tambaye ta. Na tambaye ta. Ta ce ka dakata ta yi wanka, ta ɗaura zanen Sallarta, ta rufe kanta, don mace kamarta ba a kai ta gaban baƙi kai buɗe. A wurinmu hoto kwalliya ake yi masa, a tsaya ƙyam kamar an zo gaban alƙali. Na san ba ka son irin wannan. Na san hasken ya yi maka, kuma ina son ka yaba mini. Sai na ce maka ta yarda. Ita kuma na ce mata gwada na'ura kawai kake yi, babu komai a ciki. Ka ɗauki hotuna, ka ɗauki fim, tana ta dariyarta.

Wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa maka ba.

Bayan shekara biyu ka dawo Yamai da nunin hotunanka. Na shiga zauren na tarar da Inna a bango, tsawon ƙofa, masu kwat suna tsaye a gabanta da kofuna a hannu. Abokaina na lakkal suna wurin, waɗanda na ce wa uwata matar wani attajiri ce a Maraɗi. Ɗaya ya dubi tsagar kumatunta, ya dubi tawa, ya taɓa na kusa da shi. Ban san lokacin da na hau ka ba. A gaban mutane na ce ka saci hoton uwata ba izini, na ce haka kuke, ku sayar da tsiraicinmu ku ci abinci. Kana iya tona ni a wurin. Abu ɗaya ka tambaya, ko da gaske ba ta yarda ba. Na ce ba ta yarda ba. Da hannunka ka sauke hoton, ka ce za ka ƙone duk abin da take ciki. Ban ɗauka da gaske kake ba. Wane manomi ne zai cinna wa rumbunsa wuta don wani yaro ya yi fushi? Na zaci ka faɗa ne don in huce.

Matarka ta ce ta buɗe akwatin da ka rubuta sunan garinmu a kai. Komai yana nan: rijiyar, rumbuna, raƙuma, har da ni, ina ta washe baki. Wurin Inna kaɗai aka bi da almakashi, a hotunan da kuma a fim. Ta sami ambulan babu komai a ciki, da rubutunka a baya cewa an ƙone bisa roƙon ɗanta.

Ta ce ba ka sake komawa Nijar ba, kuma ba ka sake ɗaukar tafinta ba. Ko a tsibirin ƙanƙara, ko a ƙauyukan kan duwatsu, ko wurin masuntan cikin kurmi, sai ka zauna shekara guda kana koyon harshensu har ka iya tambaya da bakinka. Shi ya sa fim uku kacal ka ƙara yi, mutane suna ta yabon haƙurinka. Ta ce kana yawan ambatona, wai ni na koya maka darasin da ya fi kowanne. Ta yi mini godiya, Rene. Na karanta wurin nan a mota lokacin hutun rana, na kasa komawa ciki.

Ka sani ne? Ka gane tun a zauren nan ka rufa mini asiri, ko kuwa ka tafi kabari kana ganin laifinka ne? Me ya sa ba ka ɓoye ko guda ɗaya ba? Wa zai kama ka? Duk wanda na sani a rayuwata yana saɓa alkawari, ni ne na farkonsu, sai kai kaɗai ka tashi cika wanda zai kashe ni.

Ina rufe ido in nemo fuskarta, ba ta zuwa. Muryarta tana nan, hannuwanta suna nan, tsagar ma ina ganinta a madubi. Amma fuskar ta tafi, kuma ban san ranar da ta tafi ba. Ina jin tsoro, Rene. Idan na mutu a ƙasar nan, babu wanda zai san an taɓa yin ta.

Jiya Ummi ta sake tambayata. Na ce mata da akwai hotuna, amma wani Bature ya ƙone su. Ta ce wannan mugun mutum ne, na bar ta a kan haka. Ka ga ko a kabari ban ƙyale ka ba. Yau da safe ta tafi makaranta da hoton kakanni biyu, ta ce za ta faɗa wa malamarsu abin da Baturen ya yi.

Ban san addu'ar da ta halatta in yi maka ba, kuma kunya ta hana ni tambayar malam. Yafiya kuwa na makara, a wurinka da a wurinta. Ka huta, Jan Kunne. Sai mun tsaya inda kowa zai faɗi nasa da bakinsa.

Ni ne tafintanka,
Isufu ɗan Inna