Keken Burodi a Kan Gadar Sama

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Takarda na rubuto don a waya ba kya bari in kai aya.

Yayanki, wanda na ɗora a kan gidan burodina har ma'aikata ke ce masa Manaja, ya sayo mota mai rufaffen baya, ya ce zai sallami masu kai burodi a keke. Har da Dogo, mutumin da muka fara tura keke tare tun ina gashi a tanderun aro. Hujjarsa wai manyan kantuna duk sun koma sabuwar unguwa, hayin gadar sama, inda titi ya cinye ko'ina, babu ko gefen da ɗan Adam zai taka. Wai keke ba ya shiga can ya fito da mai shi.

Na ce, yaro, ni da ƙyar na gama sakandare, amma da ƙafafun nan na tuƙa ka har jami'a. Muka yi sharaɗi a gaban ma'aikata: ranar Asabar shi a mota, ni a keke, kowa da burodin babban kanti. In ya riga ni, su Dogo su tafi. In na riga shi, ba mai taɓa su.

Na sauko da tsohon kekena daga saman sito, na sa masa sabon birki. Addu'a nake nema, ba shawara ba.

Ni ne mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A tsaye na karanta takardarka, sai da na nemi kujera. Baba, ni nake karɓar waɗanda ake kwasowa daga irin wannan titi. Masu mota ba mugunta suke yi ba, ba sa ganin mai keke ne kawai. Gwiwar da kake cewa ta warke kuma, Mama ta faɗa mini da bango kake miƙewa.

Na san ba za ka fasa ba, na san wanda ya haife ni. To ga hular kwano nan na aiko, ka sa. In babbar mota ta matso, ka bar mata hanya, ba a gardama da ita. Na kira Yaya, ya ce bai zaci za ka amsa ba, yanzu kuma kunya ta hana shi janyewa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Allah ya tsare mini kai.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki sake neman kujerar nan, amma yau don daɗi.

Na sa hular, Dogo ya ce na yi kama da kunkuru. Yana ɗaure mini akwati, burodi na tururi, sai ya ce, "Maigida, ka bari a sallame ni kawai, ai tsufa ya zo." Na ce, "Tsufan gidanku. Ja igiya."

Ba zan ɓoye miki ba, shataletale ya kusa ci na. Wata tirela ta matse ni har iskarta ta kaɗa akwatin. Na tuna maganarki, na damƙe birki, na bar ta ta wuce. Ina buga ƙararrawa, wa zai ji? Kowa ya rufe gilashi. Yayanki ya wuce ni har da ɗaga hannu. A hawan gada gwiwata ta ce ba da ita ba, na sauka na tura, ban ji kunyar kowa ba.

Ina kaiwa sama sai ga ikon Allah: motoci sun cushe, ba gaba ba baya. Na fara ratsa tsakaninsu. Sai wata mata ta sauke gilashi, yara na kuka a baya. "Baba, ƙamshin nan naka ne? Don Allah guda biyu." Uwata, ban taɓa ce wa mai saye babu ba alhali akwai. Na ba ta. Shi ke nan, gilasai suka dinga sauka, hannuwa na miƙowa. Ban ma hango motar yayanki ba akwati ya zama wayam.

Na tsaya na ce, yau na kori Dogo da hannuna. Sai na duba, ko mota ɗaya ba ta motsa ba. Na juya keke ta gefe, gangara ai ba ta neman gwiwa. Na koma gidan burodi, Dogo na ganina ya dafe kai. Na ce, "Cika mini! Ku ma ku cika naku ku biyo ni!"

Muka hau gadar a jere, mu tsofaffi huɗu sai haki. Ni na rufe ido ga masu saye, su kuwa suka yi ta miƙawa. Can gaba sai ga Manaja, ya kife kai a sitiyari. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce, "Ranka ya daɗe, ko a rage maka kaya?" Ya kalle ni, ya kalli akwatunan su Dogo da babu komai a ciki. Sai ya fito ya buɗe bayan motar da kansa.

Burodina da nasa duka a keke suka shiga kanti. Mai kanti ya taɓa nawa ya ce, "Har da ɗumi!"

Ki gai da maigidanki, ki karanta masa da ƙarfi.

Mahaifinki.

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Su Dogo suna nan, kowa na saya masa hular kwano. Motar ta koma ɗaukar fulawa.

Baba yana kwance ana gasa masa gwiwa, duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin tun daga birki. Mama ta ce in mayar da keken saman sito. Na je ɗauka, na tarar ya ɗaure shi da sarƙa a ƙafar gadonsa. Ke ki yi masa magana, ni kaye ɗaya ya ishe ni.

Sai na ji daga gare ki.

Yayanki.