Kifin da Ke Narkewa a Miyar Baba

Gwiwa, ranar Asabar

Zuwa ga Yaya Sharfuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Habiba da yara. Yaya makaranta? Na rubuto ne saboda wayar gidan nan ɗaya ce, ta Baba, kullum kuma tana ƙarƙashin matashinsa. Duk abin da na faɗa maka, a kunnensa zan faɗa. Mamuda direba zai miƙa maka wannan.

Ka san tun da aka sallamo Baba daga asibiti, bayan ɓarin jikinsa na hagu ya taɓu, likita ya hana shi gishiri da dunƙule da kanwa. Shi kuma Baba ya hana kansa abinci. Sai in tuƙa tuwo, in kaɗa miya lami, ya yi loma biyu ya ture kwanon, ya ce wai ruwan wanke-wanke nake ba shi. Wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Ban gaya maka ba ne don kada hankalinka ya tashi.

To, saƙonka ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai kifin gwangwanin nan ba irin wanda muka sani ba ne. Gwangwanin ɗan fale-fale ne, kifayen kuma siri-siri, ba su kai ƙaramin yatsana ba, launin ƙasa-ƙasa, an jera su cikin mai, ba kai ba jela. Na ɗanɗana ɗaya, sai da na runtse ido. Laushi gare shi, harshe kawai ke murje shi, amma akwai cizo. Na ce wannan ba na ci da burodi ba ne. Na zuba mai a tukunya da albasa, na jefa guda uku. Kafin in juya in ɗauko ludayi, wallahi Yaya, sun ɓace. Ko ƙaya ban gani ba, sun narke sun bi mai. Na sa daddawa, na kaɗa kuka a kai.

Baba ya cinye tuwonsa tas, har da suɗe kwano. Ya ce rabonsa da miya irin wannan tun Inna tana da rai. Ba ƙarnin kifi ko kaɗan, sai wani garɗi da ke zama a baki bayan an haɗiye. Tun daga ranar kullum da shi nake masa girki, har a taushe da faten wake. Jiya da sandarsa ya taka har ƙofar gida.

Likita dai ya ce kifi ba laifi, ko ba haka ba? Ni ban taɓa robar gishiri ba. Idan ka samu wasu ka ƙaro mana.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Ikilima

*

Kazaure, ranar Litinin

Zuwa ga Ikilima,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina yi wa Baba ya jiki. Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Ki karanta wannan a natse. Daga yau kada ki sake sa kifin nan a abincin Baba. A kasuwar Babura na saye shi wurin wani ɗan Nijar, na ɗauka irin wanda muka saba ne, ban buɗe ba na aiko miki. Da na karanta takardarki sai na fasa guda ɗaya da na rage a gida. Na kasa haɗiye shi. Na kai wa maƙwabcina Barnabas, wanda ya yi aikin kuku a wani otal a Kano. Yana gani ya gane shi, ya ce ancobi ake ce masa. Ba dafa shi ake yi ba kafin a rufe, a cikin gishiri ake binne shi wata da watanni har ya nuna, shi ya sa yake narkewa a mai. Ya ce a otal, miyar da aka sa mata shi ba a ƙara mata gishiri, don shi ne gishirin. Da na gaya masa wanda ke ci, kuma kullum, sai ya ce in hanzarta.

Na kira wayar Baba don in same ki. Shi ya ɗauka, muryarsa garau, yana ta yabon miyarki. Na kashe ban gaya masa ba.

Ki haƙa rami ki binne sauran gwangwanayen. Gobe ki kai shi a auna jininsa. Likita ya faɗa mana a gabanki cewa idan abin ya sake bugunsa, ba lallai ya zo da sauƙi irin na farko ba. Ɗalibaina sun fara jarrabawa, ba za a bar ni in fito ba sai Juma'a.

Wassalam.
Yayanki, Sharfuddeen

*

Gwiwa, ranar Laraba

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ga takardarka, kuma na yi abin da ka ce, ban da binnewa.

Na kai shi asibitin garin nan a bayan babur. Malama Helen, ma'aikaciyar jinya, ta ɗaura masa abin awon jini, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sannan ta ja ni gefe ta ce, "Ikilima, me kike ba shi?" Na gaya mata. Ta ce jinin ya hau sosai, ta ƙara masa magani, ta ce ko lasa kada ya sake yi. Ai na ji cizon nan a harshena tun ranar farko, Yaya. Na ga yana ci ne, sai na ƙi tambayar kowa.

Amma kai ma ka ji nawa. Kana Kazaure kana ba da umarni, a binne wannan, a auna wancan. Ni ce nake riƙe da kwanon. Tun Litinin bai ci komai ba sai kunu rabin kofi. Na jiƙa kifin a ruwa, na wanke shi har ya zama kamar tsumma, na sa ɗan mitsitsi. Loma ɗaya ya yi ya ce, "Kin cire masa rai." Ya juya fuska bango. Maganin ma da ƙyar yake sha, ya ce cikinsa ba komai, juya masa kai yake yi. Da safen nan da na tashe shi zai yi alwala, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Baba fa, wanda ke saɓa buhun gero shi kaɗai.

Tsoro nake ji. In na ba shi, jini. In na hana shi, yunwa. Ko tari ya yi sai na ruga in duba bakinsa, ko ya karkace. Gwangwanayen suna cikin akwatina, na kasa binne abu ɗaya tilo da mahaifina ke iya ci. Ka gaya mini wanne zan zaɓa, tunda kai ne mai karatu.

A gaida Anti.
Ikilima

*

Kazaure, ranar Laraba da yamma

Ikilima ƙanwata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Na tsayar da Mamuda a tasha na rubuta wannan a tsaye, don ya juyo miki da ita da sassafe.

Ki yi haƙuri, na yi miki magana kamar ina gaban ɗalibai. Ni na sayo abin nan, ba ke ba. Kin ce in zaɓa, kuma gaskiya ban san amsa ba. Na koma wurin Barnabas, ya ce ki gwada lemon tsami da tafarnuwa da citta, ki soya albasa sosai har ta yi ja, wai suna ruɗar harshe. Ga su nan a leda, Habiba ta haɗo da busasshiyar tarwaɗa wadda ba a sa wa gishiri ba.

Ki lallaɓa shi ko da kunu ne zuwa Juma'a. Zan zo da mota mu kawo shi Kazaure wurin likitansa, mu tambaya ko akwai ɗan abin da za a iya ƙyale masa. Don Allah kada ki buɗe gwangwani kafin in iso. Ni ma ba na iya cin abinci, da na kai loma sai in tuna shi.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki juriya.
Yayanki, Sharfuddeen

*

Gwiwa, Alhamis bayan azahar

Yaya,

Salamu alaikum. Na yi miyar lemon tsamin, ko kallonta bai yi ba. Yau kunun ma ya ƙi.

Da hantsi ya aika aka kira Baffa Daudu, ya sa ni na zauna a gabansu. Ya ce, "Daudu, ka zama shaida. Tun lomar farko na san gishiri ne, ni ba yaro ba ne. Kada wanda ya tuhumi yarinyar nan." Sannan ya dube ni ya ce, "Ikilima, ban taɓa roƙonki komai ba. Yunwa nake ji."

Na buɗe, Yaya. Kifi biyu na sa a miya. Ya cinye, ya sa mini albarka, ya sa maka. Yanzu ya kwanta, ya ce ƙeyarsa na ɗan sara masa. Na kira shi ya amsa, amma maganar ba ta fita sosai, ban sani ba ko barci ne. Baffa ya tafi neman Malama Helen. Na kira ka a wayar Baba, taka a kashe, na san kana ɗakin jarrabawa. Ɗan acaɓa zai kawo maka wannan.

Da hannuna na dafa. Kada ka jira Juma'a, ka taho yanzu.

Ikilima