Inna, Kunyarmu Ta Shiga Jami'a

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma akwai labarin da ke kaɗai ya dace in fara ba.

Jikarki ta shiga jami'a a Dutsin-Ma. 'Yar farin tawa nake nufi, wadda kika ɗauka tun daga yaye kika raina a ɗakinki a Tamawa. An buɗe wasu sababbin fannoni, ta bayyana mani su. Akwai masu koyon sasanta mutanen da suka yi rikici, akwai masu wasan kwaikwayo da fim, akwai masu nazarin al'umma da al'adunta. Na ƙarshen nan ta zaɓa. Kawunta Sale ya yi ta dariya, wai in dai zaman gida za a koyo, ta zo zaure ya koya mata. Shi aikin asibiti ya so mata. Ni kuwa kin san ba ni da bakin magana a kanta gaban mutane.

Wannan shi ne ciwona, Inna. Tun rasuwarki ta dawo wurinmu Wurma, muka zauna kamar baƙin juna. In ina nemanta sai in ce wa ƙanwarta ta kira mani waccan. Ke ce mai kiran sunanta da safe, ke ce mai tsokanarta. Da kika tafi sai na ga yarinya tana ta yin shiru, tana gaishe ni a durƙushe ta tashi. Na ji tsoron ta ɗauka ba ta da uwa.

Da ta zo hutu, ina tsince wake a tsakar gida, sai ta zauna gefen tabarmata ta ajiye waya tsakaninmu don ɗaukar murya. Ta ce malamarsu ta ba su aiki, kowa ya nemi babbar mace ya tambaye ta game da kunyar ɗan fari. Ta ce a matsayin ɗaliba ta zo, kada in damu.

Inna, sai da na bar tsintar. Wai abin nan da muke yi ba mu ɗauke shi komai ba, manyan malamai na tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai suna bayani a kanshi. Ta ce an rubuta littattafai, kuma akwai mutane can wasu ƙasashe masu nisa da su ma suke sakaya suna kamar mu. Ni da na tsaya a firamare, ga shi za a saurari muryata a aji. Ikon Allah ya wuce tunani.

Wayar na kalla, ba ita ba, shi ya sa bakina ya buɗe. Na faɗi lokacin da ta yi ƙyanda kika aiko mani, na ci gaba da daka saboda surukata na zaune, sai daga baya na zagaya bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah. Na faɗi yadda nake cin kasuwar Kurfi don kawai in hango ta riƙe da zanenki. Na faɗi abin da kika ce mani ranar da kika goya ta: “Kawar da kai, Rabi, ni zan duba maki ita.”

Ta kashe wayar. Ta ce saura tambaya ɗaya, wannan ba ta malama ba ce. Ko za ta taɓa jin sunanta a bakina?

Na kasa. Ga kunyar fari, ga shi sunanki aka sa mata, sunan da ban taɓa furtawa ba tunda na yi wayo. Ta yi murmushi ta ce ba komai, ta taya ni tsintar waken.

Ranar komawarta na rako ta bakin hanya. Ta hau mashin, mai mashin ya tayar, ga matan unguwa na dawowa daga rijiya. Ban san lokacin da sunan ya fito daga bakina ba.

“Hajara.”

Ta juyo. Ta ce na'am. Sai na ce ta yi karatu da kyau. Matan suka tsaya da bokitai a kai suna kallona, ban sunkuyar da kai ba.

Ki yafe mani, Inna, na kira sunanki a bainar jama'a. Kin duba mani ita har ƙarfinki ya ƙare, yanzu na karɓa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yi wa karatun nan nata albarka, Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarki mai kewarki,
Rabi