Baƙuwar Randa

Daga Haladu a Sule Tankarkar zuwa ga Kawu Ubale a Gagarawa.

Gaisuwa da ladabi da fatan alheri. Bayan haka, tarwaɗar da ka aiko wa Inna a tulu ta iso da ranta, fatake sun kula da ita. Na zuba ta a babbar randa a ɗakin Inna. Kawu, tun fitarta takabar Baba ba mu ga haƙoranta ba sai ran nan. Ta ce rabonta da kifi mai rai tun kuna yara a bakin kogin Haɗeja.

To amma baƙuwar ta lafe a gindin randa, ta ƙi dusa, ta ƙi tsaki. Inna ta leƙa ta ce, "Mun zama ɗaya, an raba mu da gida. Ran da ta ci, na ci." Ka san ta da taurin kai. Yanzu ruwa kaɗai take kurɓa, zobenta har zamewa yake daga yatsa. Wallahi tsoro nake ji, amma ba zan zuba ido ba. Me zan yi? Wassalam.

Daga Ubale zuwa ga ɗana Haladu.

Ina amsawa, Allah ya yi maka albarka. Kai, ɗan tudu! Tsaki? Kaza na aiko maka? Ka haƙo gara da tana. Kuma gaya mini gaskiya, mutum nawa ke leƙa randar nan a yini? Uwarka Yaya Murja kuwa, na san halinta tun kafin a haife ka, kada ka matsa mata. Ka gaishe ta.

Daga Haladu zuwa ga Kawu.

Gaisuwa irin ta ɗa da uba. Ka canka. Garin nan akwai waɗanda ba su taɓa ganin kifi ba sai busasshe, ga shi an ce da gashin baki. Mata da yara layi suke yi, har wani baƙo daga Maigatari ya sa sanda ya zungure ta wai ya ga motsinta. Gara na kawo, ba ta taɓa ba.

Matata Hannatu ta ce mu kwashe garar a ɓoye mu ce an cinye. Na kusa yarda, don jiya Inna ta kasa tsayuwa a salla. Mu kuma muna kanta da ƙwaryar kunu, ni da Hannatu da maƙwabta, muna roƙo har da kuka. Sai ta juya mana baya. In ka ce a kwashe, zan kwashe. Wassalam.

Daga Ubale zuwa ga Haladu.

Bayan gaisuwa, kul! 'Yar masunta za ku yi wa wannan? Cikin kifin za ta duba, ta san ƙarya kuke, daga nan ko zuma kuka kawo ba za ta karɓa ba.

Ka kori 'yan kallo, ko surukarka ce. Ka nutsa fasasshen tulu a randar ta sami wurin ɓuya. Ruwan rijiya ya kwana kafin ka ƙara mata, kaɗan kaɗan. Da magariba ka zuba gara, ka rufe da faifai, ka yi tafiyarka. Tarwaɗa ba ta ci ana kallonta.

Uwarka ma haka take. Tun tana budurwa ba ta taɓa kai loma baki a gaban mutane ba, ku kuwa kun taru a kanta kamar ana awo a kasuwa. Ku ajiye kunun kusa da randar, ku saki asabari, ku ba ta wuri. Raina na wurinku, ƙafa ce ta hana ni zuwa. Allah ya ba da lafiya.

Daga Haladu zuwa ga Kawu.

Gaisuwa. Na yi yadda ka ce, har an yi fushi da ni a unguwa. Yau da hantsi Inna ta kira ni. Na tarar ta ɗaga faifan da kanta, ta ce, "Dubi cikinta, ja'ira." Na dubi ƙwaryar kunu, wayam.

Ta ce in rubuta maka cewa kunun Hannatu ya yi tsararo, kuma wai kai da ka san tarwaɗa haka, me ya hana ka aiko biyu? Wassalam.